Shekarar da Muka Cika Gareji da Jan Kifi

Kun ga ana yi a waya, shi ya sa kuke ganin ba wuya. Mutum ya shimfiɗa kifi a kan raga, ya rufe murfi, a yanke hoton, sai ga shi ya fito jawur yana ƙyalli. Duk ranar suna ko walima sai ɗaya daga cikinku ta tare ni a bakin ƙofa: "Anti Mariyama, ki koya min banda mana, ina so in fara ɗan bizines." Wata har ta zaɓi sunan da za ta buga a jikin leda, alhali ko wuƙa ba ta taɓa wasawa ba. To ku zauna ku ji. Ba hana ku zan yi ba, amma sai kun san abin da kuke roƙo.

A Gaya ta Nijar na tashi, a bakin kogi, cikin gidan da hayaƙi ba ya yankewa. Maza su kamo tarwada da karfasa, mata su gyara, su naɗe, su jera a kan murhu. Da wannan ilimin kaɗai na iso nan Greensboro, a jihar Karolina, a farkon shekarun dubu biyu. Maigidana yana aiki a kamfanin kujeru, ni kuwa ba ni da Turanci ko na tambayar hanya. Wadda ta kama hannuna ita ce Hajiya Zali, 'yar garinmu, sa'ar mahaifiyata, da ta riga mu zuwa da daɗewa. Ita ta kai ni wurin Mista Ray, wani bature mai rarraba kifi ga gidajen abinci, ta nuna masa hannuwana ta ce waɗannan sun san kifi tun kafin mai su ta san takalmi.

Aikin farko da aka ba ni shi ne cire ƙaya daga salmon, wanda Hajiya ke kira jan kifi saboda launin namansa. Ana tsayawa ne a ɗaki mai sanyi kamar cikin firiza, da safar hannu da dogon takalmin roba, ga ruwan ƙanƙara yana bin ƙasa. A ba ki ɓarin kifi mai tsawon hannunki, ki bi layin tsakiyarsa da yatsa har ki ji ƙananan ƙayoyin da ido ba ya gani, ki zare su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Idan kika ja da ƙarfi naman ya yage, kuma mai dafa abinci a otal ɗin unguwar Sedgefield ba zai karɓi yagaggen kifi ba. Idan kika manta guda ɗaya ta maƙale a wuyan wani, wayar Mista Ray za ta yi ƙara, kuma kowa a ɗakin ya san teburin da kifin ya fito. Na yi watanni ina wannan kafin a yarda in taɓa doguwar wuƙar fiɗa. Har yau yatsuna uku ba sa lanƙwasuwa daidai idan sanyi ya shigo.

Da aka ce min wannan kifin noma shi ake yi, dariya na yi, na zaci tsokana ce. Ashe gaskiya ne. A can ƙasar Cile, a ƙarshen duniya, ake kafa manyan kejin raga a cikin teku, a zuba 'ya'yan kifi a ciki, a riƙa watsa musu abinci kamar kajin gidan gona har su girma. Daga nan jirgin sama ya kawo su birnin Mayami, babbar mota ta hauro da su wurinmu a cikin fararen akwatuna cike da ƙanƙara. A shekarun nan yana da araha ƙwarai, ga shi kullum girmansa ɗaya, launinsa ɗaya, ba rani ba damina. Abin ya riƙa damuna ba tare da na san dalili ba. A gida akwai guraben da sarkin ruwa ke rufewa, ba mai jefa taru sai ya buɗe, don ruwa ya huta kifi ya hayayyafa. Na tambayi Mista Ray yaushe ake hutar da ruwan Cile. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai taɓa zuwa ba, abin da ya sani dai mota tana zuwa. Ni ma na koma kan aikina, tunda motar ce ke ciyar da ni.

Kawunan kifin da tumbinsa da ƙashin bayan da nama ke manne a jiki duk a shara ake zuba su. Ranar da Hajiya Zali ta leƙa ta ga haka, sai da ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Mariyama, wanga abinci duka ake zubarwa? Mutanen nan ba su tsoron Allah?" A makon nan ta shawo kan Mista Ray ya riƙa ajiye mana su. Gidanta a Pleasant Garden yake, can bayan gari, fili fetal, maƙwabci can nesa, hayaƙi ba zai dami kowa ba. Mijinta Alhaji Illo ya samo mana gangunan ƙarfe, ya yanke su, ya shimfiɗa ragar waya a kai, ya kafa rumfa a bayan gida. Nan sana'armu ta kafu. Da kasuwa ta buɗe, muka fara sayen kifin ɗungurungum.

Kunna wuta shi ne abin da kuke rainawa, kuma shi ne rabin aikin. Tarwada tana son wuta, tana jure ta. Jan kifi kuwa mai ne zalla, farin layin nan da kuke gani a jikin naman duk kitse ne. Ranar farko muka yi masa wutar gida, man ya ɗiga a kan garwashi, wuta ta tashi ta lashe girar Hajiya guda, kifin ya zama gawayi. Daga nan muka koyi ja da wutar baya, a bar garwashi kawai da hayaƙi, a sa faranti ya tare mai. Itacen nan mai ƙaro da ya cika dazukan Karolina ba a kusantarsa, yana baƙanta kifi ya sa masa ɗaci. Itacen hikori ake nema, busasshe. Gishiri kuma da yatsa ake auna shi, gwargwadon kaurin yanka. Kuma ba a barin murhu a tafi amsa waya. Tsaye ake, ido yana hawaye, ana juyawa, ana sauraren ƙarar ɗigar mai, daga hantsi har la'asar.

Masu saye ba su yi wuyar samu ba. Matan Nijar daga East Greensboro su cika mota guda su zo ranar Asabar, hira rabi ciniki rabi. Matan ɗaliban jami'a 'yan Kano su taya kamar a kasuwar ƙauye suke, su tafi da gyara suna ƙorafi. Akwai wata 'yar Gana mai yin yaji da shi, ita kai kawai take so. Duk abin da muka banda ranar Asabar kafin yammacin Lahadi ya ƙare, kowa ta kai gida ta sa a firji ta cinye cikin mako. Ku riƙe wannan: a duk shekarun nan ba mu taɓa ajiye jan kifi ya daɗe a hannunmu ba, don haka ba mu san halinsa a ajiya ba.

Hajiya tana da doka guda wadda ta gada daga kakarta. Ba a sayar da banda sai mai murhu ta fara ci. Ko mutum nawa ke jira, sai ta ɓalli gutsure daga ragar farko, ta tauna, ta haɗiye, sannan ta ce, "Bismillah, a zo a ɗauka." Muna yi mata dariya, Alhaji yana cewa dabarar cin kifi kyauta ce.

Mummunar shekarar da alheri ta fara. Wajen ƙarshen shekarun nan sai akwatunan suka riƙa zuwa da ƙananan kifaye, waɗanda ba su gama girma ba, da yawa kuma, da arahar da ba mu taɓa gani ba. Na lura Mista Ray ba ya murna. Wata rana ya tsayar da ni da Hajiya a bakin ɗakin sanyi ya yi mana bayani. Cuta ta shiga gonakin Cile. An cunkusa kifi a keji, an jera kejin kusa da juna, gona tana shan ruwan gona, ciwo ya bi ruwa yana ta kashewa. Masu gonakin suna kwashe abin da ya rage da rai tun bai isa ba, suna turowa kasuwa kafin ya mutu a hannunsu. Ya ce kifin da ke isowa lafiyarsa lau, cutar ba ta kama mutum, amma idan wannan ya ƙare ba wani a bayansa, kuma sai an yi shekaru kafin kejin su sake cika.

Na tsorata, domin a lokacin kamfanin kujeru ya sallami maigidana tare da mutane da yawa, kuma gidanmu kacokan a kan kifin nan ya dogara. Hajiya kuwa idonta haske ya yi. Tun a mota ta fara magana.

"Ɗiyata, mi kika ji cikin zancen baturen ga?"

"Na ji kifi zai yanke, Hajiya."

"Ni kuwa janyewar ruwa na ji. In kogi ya ja baya kihi ya yi yawa, mi uwayenmu ka yi? Kuka suka zamna yi?"

"Banda suke yi su ajiye."

"To! Azumi na tahe cikin zahi, kowace mace za ta nemi kihin miya, ba shi kasuwa. Mu ɗai za mu kasance da shi."

Da Mista Ray ya ji yawan abin da muke so, ya ce idan ajiya za mu yi, mu sa a firiza, har zai nuna mana inda ake hayar ɗakin sanyi. Hajiya ta ce kifin da ya kwana a firigo wata da watanni ɗanɗanon kwali yake yi, kuma iska ɗaya in ta kayar da itace a kan wayar lantarki an yi asarar komai, ta ga an yi haka a garin nan lokacin wata ƙanƙara. Hayaƙi kuwa bai taɓa cin amanar kakanninta ba. Maganarta ba ta wauta ba ce, ni ma da idona na ga tarwadar da aka banda da rani ana cinta har kaka. Muka zuba duk abin da gidajenmu biyu suka tara a cikin kifin nan.

Bandar ajiya daban take da ta ci yanzu. Sai an busar da kifin ƙarau, har in an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar itace. Muka shafe makonni a kan gangunan nan, Alhaji ya ƙaro wasu, maigidana yana faskare. Jan kifi ya ƙi bushewa yadda tarwada ke yi. Bayansa ya yi tauri, ya yi kyau kamar an shafa masa man goge takalmi, amma in kika matsa da babban yatsa sai mai ya tsattsafo. Na nuna wa Hajiya. Ta ce ƙiba ce, alamar kifi mai kyau. Muka shimfiɗa takarda a kwalaye, muka jera, muka ɗora kwali kan kwali a garejinta har motar Alhaji ta koma kwana a waje.

Sai zafi ya shigo. Ku da aka haifa a nan ba ku san bambancin ba. Zafin gida busasshe ne, yana shanya abu. Na nan jiƙaƙƙe ne, ki yi wanka ki fito ki rasa ko kin goge jiki. Garejin ya zama kamar tukunyar da aka rufe. Duk zuwan da na yi sai na fara shiga can kafin in gaida masu gida, ina duba gindin kwalayen. Da farko ɗan tabon mai ne kamar kwabo. Sannu a hankali ya zama faifai, har kwalin ƙasa ya fara laushi yana lotsawa.

A gida in banda ta ji danshi ko ƙwari suka fara kusantarta, mayar da ita ake yi kan murhu a sake ba ta hayaƙi. Haka muka yi, ba sau ɗaya ba. Mu sauke kwalayen, mu jera, mu ɗumama, mu mayar. Fumfuna ba ta fito ba, tsutsa ba ta shiga ba, Hajiya ta ce kin gani. Abin da ba mu sani ba shi ne duk ɗumamawar da muka yi ƙara narkar da man muke, muna fito da shi inda iska za ta same shi. Da hannunmu muka riƙa tsofar da shi, muna ganin magani muke yi.

Warin ba ɗoyi ba ne, shi ya sa yake da wuyar kamawa. Wani abu ne can ƙarƙashin ƙamshin hayaƙi, kamar tsohuwar kwalbar man gyaɗa da aka manta a bayan kanta. Na daina samun barcin kirki. Ina cire ƙaya a wurin Mista Ray, inda aikin ma ya ragu saboda akwatunan Cile sun daina zuwa, amma hankalina yana garejin. Na faɗa wa Hajiya yadda ake faɗa wa babba magana.

"Hajiya, ko mu fara fitar da na ƙasan nan? Mata suna ta kira."

"Su yi ta kira. Kwana nawa ya rage?"

"Iskar garin nan ce ban yarda da ita ba. Hancina yana jin wani abu."

Ta dube ni. "Hancinki na jin tsoro ne, Mariyama. Nawa ma yana ji. Amma in munka buɗe yanzu, mi munka yi wahala dominsa?"

Kuma a zahiri ita ke da gaskiya. Jan kifi ya yi tsadar da matanmu ba sa iya taɓa shi a kanti, wanda ake kawowa daga Turai sai manyan gidajen abinci. Labari ya bazu cewa Hajiya Zali tana da gareji guda. Har daga birnin Shalot ake bugo waya.

Asabar ɗin da ta rage kafin azumi aka sa za a buɗe. Tun da hantsi motoci suka jeru a kan ciyawa har bakin titi, mata suna zaune a inuwar rumfa da robobinsu da jakunkunan sanyi, yara suna guje-guje suna ihu da Turanci. Hajiya ta ce a ba ta ɗan lokaci. Ta ɗauko kifi daga kwalin tsakiya, ta shiga kicin ta yi miya da shi, miya ta sosai, da daddawa da attarugu da citta. Ta zuba mana a kan shinkafa ni da ita da Alhaji. Na kai loma bakina. Wallahi miyar ta yi daɗi. Yaji da daddawa sun rufe komai, sai can bayan an haɗiye ake jin ɗan abu a maƙogwaro, wanda in ba nemansa kike ba za ki ce attarugu ne. Alhaji ya cinye ya miƙa kwano a ƙara masa.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "A buɗe ma mutane, sun gaji da jira."

Na ce a raina mun tsira.

Hajiya ba ta tashi ba. Ta jawo sauran kifin da bai shiga miya ba, ta ɓalli gutsure daga wajen tumbi inda kitse ya fi yawa, ta sa a baki haka nan gayansa, kamar yadda take yi kowace Asabar. Ta tauna a hankali. Na ga maƙogwaronta ya motsa, ta haɗiye, ta rufe ido. Ta aiki Alhaji ya ɗauko daga kwalin sama, da na ƙasa, da na can lungu. Kowanne ta ɓalla ta ci. Sannan ta miƙo min. Maƙaƙi ne, irin wanda ke kama bayan harshe ya ƙi saki, ko an sha ruwa yana nan. Man ya juya ya lalace, daga kwalin farko har na ƙarshe.

"Hajiya," in ji Alhaji da ƙaramar murya, "a miya hwa ba a ji. Ba wanda ke cin shi gaya. Ki dubi yarinyar ga, mijinta ba shi da aiki."

Ta dube ni. Ba zan ɓoye muku ba, tsoron abin da za ta ce nake yi, ko ta ce e ko ta ce a'a.

"Da shi za su buɗe baki," ta ce. "Mutum ya wuni bai ci ba, ya zamna da ɗiyansa, abin da na ba shi ke nan? Su ba su ji ba. Ni na ji."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta fita rumfa, ni ina bayanta. Maman Fa'iza ce a gaba, wadda ta zo sayen na 'yarta mai jego, har ta buɗe jakarta.

"Ku yi haƙuri," in ji Hajiya. "Babu kihi bana."

Sai hayaniya ta tashi. Wata ta ce ai ga ƙamshinsa nan har titi. Wata ta ce an dai samu masu biya da tsada daga wani gari, mu talakawa an raina mu. Hajiya ba ta kare kanta ba, ta tsaya tana ba kowa haƙuri har motar ƙarshe ta juya. Wasu daga cikin matan nan sun yi shekara ba su gaishe ta ba.

Maƙwabcin su Hajiya mai motar haƙa ne ya tona mana rami a ƙarshen filin. Maigidana da Alhaji suka yi ta jigilar kwalayen a baro har rana ta yi sanyi. Azumin shekarar da wake da shinkafa muka yi shi, kuma kafin sanyi ya shigo mun bar gidan da muke haya mun koma ɗaki biyu. Hajiya, da shekarunta da ciwon gwiwarta, ta shiga aikin wankin zannuwan gado a otal. Ba ta sake kunna murhu ba. Da na je roƙonta, sai ta sa Alhaji ya loda min gangunan da ragogin a bayan mota, ta ce in je in yi, ita hayaƙi ya ishe ta.

Na ci gaba da wani kifi ɗan'uwan salmon da ake kiwo a ƙoramun duwatsun yammacin jihar nan, inda na je da ƙafata na ga ruwan da yawan kifin da ke ciki kafin in saya. Jan kifi ya dawo daga baya, ina yin sa har yau. Amma ba na banda abin da ya wuce na mako, ko da kyauta aka ba ni kifin, kuma duk lokacin da na ga abu ya yi araha fiye da kima sai in ja da baya.

To wadda har yanzu take son koyo, ta zo ranar Asabar da hantsi, ta bar wayarta a mota. Ba wuƙa zan fara ba ta ba. A kan tagar rumfata akwai gutsuren tumbin jan kifi da nake bari da gangan a cikin kwalba, zafi ya bi ta kansa. Shi za ta fara ɓalla ta tauna, gayansa, ba miya ba ruwa. Kuma ba a tofarwa, Hajiya Zali ba ta tofar ba.